Abin Da Ke Sa Bindigar Ɗuri Fashewa A Hannun Mai Ita

Daga Talata Mafara zuwa Bakura, daga Dakko zuwa ƙauyukan Maradun, bindigar toka, wato ta ɗuri, ba baƙuwa ba ce. Maharba sun gaje ta kaka da kakanni, manoman fadamar Bakolori na razana dabbobin da ke yi musu ɓarna da ita, 'yan bindigar sarakuna kuma su ne ke cika gari da hayaƙi ranar hawan Sallah. A da, yaro kan daɗe yana riƙe wa ubansa buhun farauta kafin a yarda ya taɓa albarushi. Yau rashin tsaro ya jefa bindiga hannun samarin da ba su gaje ta ba, babu kuma wanda ya zaunar da su ya koya musu halinta. Sakamakon shi ne yatsun da suka guntule, da fuskokin da suka ƙone, da idanun da suka tsiyaye, ba daga harbin maƙiyi ba.

Idan bindiga ta fashe, akan ce tsautsayi ne, ko an yi wa mai ita sammu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa, gaskiya ne, amma yana da sanadi. Albarushi idan ya kama wuta, nan take yake rikiɗewa ya zama iska mai tsananin zafi, wadda ke neman wuri ninkin-ba-ninkin wanda garin ya cika. Hanya ɗaya aka bar mata, wato bakin bindiga, shi ya sa take ingiza harsashi waje. Duk abin da ya ƙara mata ƙarfi fiye da kima, ko ya tare mata hanya, to ta gefe za ta nemi mafita, kuma a gefen nan hannu da fuskar maharbi suke. A ƙaramar bindigar zamani mai harsashin milimita 9, matsin da ke cikin bututu yakan haura ninki 2,000 na matsin iskar da muke shaƙa. Saboda haɗarin fashewar bututu ne Ingila ta kafa gidan gwajin bindigogi a Birmingham tun 1813, inda ake ɗura wa sabon bututu fiye da abin da zai ɗauka a bakin aiki, a ga ko zai jure kafin ya shiga kasuwa. Bindigar da aka ƙera a ɓoye da bututun famfo ba ta taɓa ganin irin wannan gwaji ba. Bututun famfo yana da ɗinkin walda daga sama har ƙasa, ruwa aka yi shi ya ɗauka, kuma ta ɗinkin nan yake tsagewa.

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne zaton yawan gari shi ne ƙarfin harbi. Wani ma a cikin ruɗu yakan manta ya riga ya ɗura, ya sake zuba wani a kai. Na biyu ya fi muni: farke harsashin zamani a juye garinsa cikin bindigar toka. Garin da kakanninmu suka sani ya samo asali ne daga ƙasar Sin fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Na zamani, marar hayaƙi, wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ne ya samar da shi a 1884, kuma matsin da yake haifarwa ya yi wa na tsohon nisa. Bindigar da aka ƙera don na farko ba ta iya ɗaukar na biyu.

Na uku shi ne toshewa. Maharbi ya dogara bakin bindiga a taɓon fadama, ko zanzaro ya yi gini a cikinta tana rataye a bango tun damina, ko harbin baya ya yi rauni harsashi ya maƙale a tsakiya. Alamar wannan ta ƙarshe ita ce ƙara marar kauri da bugun da bai kai na kullum ba. Wanda ya ji haka ya sake harbi, ya kira wa kansa fashewa. Na huɗu shi ne jinkirin tashi. Garin da ya sha laima yakan ci wuta a hankali: an ja kunama, an ji shiru, sai mai bindiga ya juyo da bakinta ya leƙa, a daidai lokacin ta tashi. Ƙa'idar masana ita ce a bar bakin yana kallon inda babu kowa, a jira aƙalla minti guda, kada kuma a taɓa leƙawa. A ƙara da tsatsa, domin tokar albarushi tana jan danshi tana cin ƙarfe ta ciki, alhali waje yana sheƙi da mai.

Akwai kuma cutar da ba ta da ƙara. Masu narka dalma a tsakar gida don yin ƙwayoyin harbi suna watsa guba a inda yara ke rarrafe. Zamfara ta fi kowa sanin dalma: a 2010 gubarta daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalmar tsohon batir da ta dutsen ma'adinai illarsu ɗaya ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

A Amurka akwai masu sake ɗura kwanson harsashi a gida, bisa izinin dokarsu, da ma'aunin da ke auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, kuma duk da haka suna samun haɗari. Najeriya ba ta ba da wannan dama ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindigar hannu cikin rukunin da sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta mai harsashi sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ɗuri kuma tana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sandan jiha. Ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba laifi ne mai kai mutum gidan yari. Aikin na masana'antu ne irin DICON ta Kaduna, wadda aka kafa a 1964.

Babu mai musun cewa tsoro ne ya sa mutanen karkara neman abin kare kai. Amma makamin da zai raba manomi da hannunsa na dama bai kare iyalinsa ba. Tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara a farkon 2024, ya kamata horon kiyaye haɗari ya isa ga maharba da 'yan sintirin ƙauyuka. Sarakunan maharba su dawo da tsohuwar tarbiyya ta hana yaro taɓa gari sai ya ƙware. Iyaye su nisanta albarushi daga murhu da ɗakin yara. Idan kuma haɗari ya auku, a danne raunin da tsumma mai tsabta a garzaya asibiti, kada a zuba masa toka ko ƙasa, kada kuma tsoron tambaya ya sa a ɓoye mai rauni a gida har hannun ya ruɓe.