Me Ya Sa Ake Shuka Jini A Asibiti?

'Yan'uwa manoma, saran fartanya da ya yi ruwa, ko cibiyar jariri da ta ruɓe, ko zazzaɓin bayan haihuwa, ko taifot, kowannensu yana iya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa su shiga jini. Jiki yakan rikice garin yaƙi da su, har ƙoda da huhu su gaza. Wannan ita ce gubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe wajen mutum miliyan 11 a shekarar 2017.

Ƙwayoyin nan iri-iri ne, kowanne da maganinsa. Don a gane wanne ne, sai a zuba jinin majiyyaci a kwalba mai abincin ƙwayoyi, a ajiye a wuri mai ɗumi kamar jikin mutum. Shuka ke nan. Yawanci sukan tsiro cikin kwana 1 ko 2, amma akan jira har kwana 5. In sun tsiro, sai a gwada maganin da ke kashe su. Likita ba ya jiran sakamako. Da an ɗebi jini yakan fara magani, daga baya ya canja in ya cancanta.

Abu uku ke ɓata wannan shuka.

Na ɗaya, ƙarancin iri. Ƙwayoyin ba su da yawa a jini, don haka akan ɗebi wajen ƙaramin cokali 8 a jikin babba, daga wuri biyu. Na yara bai kai haka ba. Babban mutum yana da jini kusan lita 5, kada mu hana.

Na biyu, ciyawa. Fata tana da nata ƙwayoyin. In suka faɗa kwalba sai su ruɗe likita. Bayan an goge wurin da sifirit, kada mu taɓa.

Na uku, kafso na kasuwa. Wanda ya sha kafin a ɗebi jini, kamar ya soya iri ne kafin shuka. Wataƙila kwalba ba za ta nuna kome ba, alhali cutar tana nan.

Saboda haka, in muka ga zazzaɓi da numfashi sama-sama, ko ruɗewa, ko ƙarancin fitsari, ko jariri ya ƙi nono, mu nufi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare. In an riga an sha magani, mu tafi da kwalinsa mu nuna.

A taronmu na gaba mu tattauna: wace asibiti ce kusa da mu ke yin wannan gwaji? Asusun ƙungiya zai iya ba da rancen kuɗin mota?