Littafin Geisha: Amana Tsakanin Baƙo Da Masu Gida

A shekarar 1997 wani marubuci Ba'amurke mai suna Arthur Golden ya fitar da littafin ƙagaggen labari, Memoirs of a Geisha, wanda aka sayar da miliyoyin kofensa. Labarin wata yarinya ce, 'yar masunci, da aka sayar da ita zuwa unguwar Gion ta birnin Kyoto kafin Yaƙin Duniya na Biyu, har ta shahara da suna Sayuri.

Da harshen Japan, geisha na nufin ma'abuciyar fasaha, watau macen da ta shekara da shekaru tana koyon rawa da waƙa da kaɗa shamisen, wani molo mai tsirkiya uku, domin nishaɗantar da manyan baƙi.

To, ina rigimar ta taso? Golden ya yi hira da Mineko Iwasaki, wadda ta yi tashe a Gion kafin ta bar sana'ar tana da shekara 29. Ta ce sun yi alkawari zai sakaya sunanta, amma sai ya ambace ta a shafin godiya, alhali rufe sirri shi ne jarin wannan sana'a. Abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda littafin ya nuna al'adar mizuage a matsayin gwanjon budurci. Ta ce sam ba haka take ba a Gion ta zamaninta. Masu kare Golden kuwa suka ce zamanin labarinsa ya riga nata, tun kafin dokar hana karuwanci ta 1956.

A 2001 ta kai ƙara kotu a Amurka, a 2002 ta fitar da tarihin rayuwarta, a 2003 kuma aka sasanta a wajen kotu. Da aka mai da littafin fim a 2005, sai wata ƙurar ta tashi, domin 'yan wasan Sin aka ba manyan matsayi, har ƙasar Sin ta hana nuna shi a 2006.

Marubuci na da 'yancin ƙaga labari, amma fa mai karatu na nesa da shi yake auna mutanen da bai taɓa gani ba. Saboda haka wanda ya karanta Golden, ya kamata ya nemi Iwasaki, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.