Katako Mai Kore-kore: An Cire Guba, Saura Tsatsa

Gara da ruɓa ne manyan maƙiyan katako, shi ya sa masana'antu ke zuba shi cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, su zuƙe iskar da ke cikinsa, sannan su ɗura masa magani da ƙarfin matsi har ya ratsa jikinsa. Launin kore-koren da ake gani a irin wannan katako na jan ƙarfe ne, wanda ke hana funfuna ci.

Shekara da shekaru maganin da ya mamaye kasuwa shi ne CCA, haɗin jan ƙarfe da kuromiyam da asanik, wanda wani masani ɗan Indiya, Sonti Kamesam, ya ƙirƙiro a 1933. Aiki kam yana yi. Matsalar ita ce asanik guba ce mai jawo sankara, kuma takan tsattsafo ta zauna a saman katakon. Yaro ya hau lilo, ya dafa, ya kai hannu baki. Wannan fargabar ce ta sa kamfanoni a Amurka suka daidaita da hukumar kare muhalli ta EPA a 2002 cewa daga ƙarshen 2003 ba za a ƙara sa CCA a katakon gidaje da wuraren wasan yara ba. Tarayyar Turai ta taƙaita shi a 2004, Ostireliya a 2006. Turakun lantarki da ginshiƙan gada dai an bar su da shi.

Magungunan da suka gaje shi, irin su ACQ, ba su da asanik, sai aka ƙara musu yawan jan ƙarfe. Ga lafiyar mutum an ci riba, babu ja. Amma kafintoci ne suka fara ganin ɗaya fuskar: katakon na cin ƙusa. Da danshi ya shiga, jan ƙarfen sai ya riƙa lasar baƙin ƙarfe, ka zaro ƙusa ka tarar ta sirance a tsakiya alhali kanta lafiya lau. Dole sai mai kaurin rufin zinki ko ƙarfen da ba ya tsatsa, alminiyam kuwa ko kusa. Kuɗin gini ya ƙaru ke nan.

Sai kuma ruwa. Jan ƙarfen da jikin mutum ke jurewa, kaɗan daga cikinsa kan cutar da kifi, don haka gina mashigin jirgin ruwa da irin wannan katako abin a yi nazari ne.

A ganina canjin ya yi daidai, sai dai an yi saurin sakin jiki. Tsohon katakon CCA bai tafi ko'ina ba, kuma da ido ba a rarrabe shi da sabo. Mai yankan sa ya rufe hanci, ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Guntayensa kuwa kada a kai su murhu ko wurin gashin nama, domin gubar tana bin hayaƙi, sauran ta taru a toka.