Awo Uku a Kan Gubar Dalma ta Zamfara

A shekarar 2010, likitocin ƙungiyar MSF sun tarar da yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, bayan amai da jijjiga. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani bai yi aiki ba. Awo ne ya warware matsalar.

An fara da awon jini. Na'urar da aka kai ƙauyukan tana iya karanta dalma har maikurogiram 65 a kowace desilita ta jini. Jinin yara da dama ya wuce iyakarta, alhali a lokacin 10 kacal ya isa ya tayar wa likita hankali.

To, daga ina gubar take? Nan injiniyoyi suka shigo da na'urar XRF, wadda ake ɗora wa ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki nan take. Sai aka gano duwatsun zinaren da ake niƙawa, har a cikin gidaje, cike suke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida da kududdufai da turamen daka hatsi, masu binciken muhalli suka bi sawunta.

A ganina abin lura shi ne tsarin aikin: sai an kankare ƙasar gida, an zuba sabuwa, an sake aunawa, domin yaron da ya sha magani ya koma cikin ƙurar zai sake kamuwa. Yara kimanin 400 ne suka rasu, kuma Bagega ba ta samu wannan shara ba sai 2013.