Fadar Kotun Binciken Bangaskiya a Birnin Kartahena

Karatunmu na yau yana cikin Luka sura 9, daga aya 51 zuwa 56. Kun san labarin. Yesu ya nufi Urushalima, mutanen wani ƙauyen Samariya suka ƙi karɓarsa, sai Yakubu da Yahaya suka fusata, suka nemi izini su kira wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ubangiji ya juya ya tsawata musu, suka wuce zuwa wani ƙauye. Ku riƙe wannan a zuciya, domin yau za mu kai ziyara wani gida inda waɗansu masu kiran sunan Yesu suka hura irin wutar da ya hana almajiransa.

Gidan yana ƙasar Kolombiya, a Kudancin Amurka, cikin tsohon birnin Kartahena da ke bakin teku. Birni ne mai ganuwa, kamar yadda Kano da Zariya suke da ita, sai dai tasu ta dutse ce. A tsakiyarsa akwai wani dandali mai inuwar itatuwa da ake kira Dandalin Bolibar. Wanda ya tsaya a nan zai ga wani babban farin gida mai bene, da barandar katako, da ƙofar dutse mai sassaƙa. An gama gina shi a shekarar 1770. Mutanen gari suna kiransa Fadar Inkisisiyon, ma'ana fadar kotun binciken bangaskiya. A yau gidan tarihin birnin ne, kowa yana biyan kuɗin ƙofa ya shiga. A dā kuwa, mutum ba ya so a ga ƙafarsa ta nufi wurin.

Mece ce wannan kotu? A shekarar 1478 Sarki Fadinan da Sarauniya Isabela na ƙasar Sifaniya suka sami izini daga Fafaroma Sikstus na huɗu su kafa kotun da za ta binciki bangaskiyar talakawansu. Da fari Yahudawan da suka karɓi baftisma aka sa wa ido, ana zarginsu da ci gaba da addinin kakanninsu a ɓoye. Daga baya aka ƙara da Musulmin da aka tilasta wa baftisma, da masu bin koyarwar Martin Luta, da waɗanda ake zargi da maita, da masu saɓo, da masu auren mace biyu. Da Sifaniya ta mallaki ƙasashen ƙetaren teku, sai kotun ta bi ta. Aka buɗe reshe a Lima a 1570, wani a Meksiko a 1571, na uku kuma a Kartahena a 1610. Ikon reshen Kartahena ya kai har Benezuwela da Fanama da tsibiran Kuba da Santo Domingo.

Kafin ka shiga ta babbar ƙofa, ka zaga ta gefen gidan. A jikin bango akwai wata 'yar taga mai ƙarafa, an zana gicciye a bisanta. Mutanen gari suna kiranta tagar kai ƙara, suna cewa ta nan ake miƙa sunan wanda ake zargi. 'Yar ƙarama ce, mai wucewa yana iya wuce ta bai lura ba. Amma ni a ganina ta fi kowane ɗaki a gidan bayyana yadda kotun take aiki.

Ga yadda abin yake tafiya. Lokaci lokaci ana karanta sanarwa a majami'u, a lissafta alamun da za a gane mai karkatacciyar bangaskiya da su: wanda ke sake tufafi ran Asabar, wanda ba ya cin naman alade, wanda ya raina gumakan tsarkaka, wanda ke da littafin da aka haramta. Duk wanda ya san irin wannan, wajibi ne ya zo ya faɗa, in ya yi shiru shi ma ya yi laifi. To, ka ga an mai da maƙwabci ɗan leƙen asirin maƙwabcinsa, bara kuma na maigidansa. In alƙalai suka ga ƙarar ta isa, sai a kama mutum, a ƙwace dukiyarsa a riƙe, a kulle shi a kurkukun asiri. Ba a gaya masa wanda ya kai shi ƙara. A zaman farko ma ba a gaya masa laifinsa. Sai dai a ce masa ya bincika zuciyarsa ya faɗi gaskiya. Mutum yana iya yin watanni, wani ma shekaru, yana ta lalube cikin tunaninsa, wace magana ce na faɗa, a gaban wa na faɗe ta? Cikin wannan laluben yakan ambaci sunayen waɗansu, su ma a je a kamo su.

Ku tuna Dokar Musa ta ce ba za a hukunta mutum sai da shaidu biyu ko uku. Ku tuna kuma a Ayyukan Manzanni sura 25, Festas, wanda ba mai bi ba ne, ya gaya wa Sarki Agaribas cewa al'adar Romawa ba ta yarda a ba da mutum ba sai ya fuskanci masu ƙararsa ido da ido, ya kuma sami damar kāre kansa. Ashe abin da gwamnan arna ya ba Bulus, kotun da ke ɗauke da gicciye ta hana 'ya'yan ikkilisiya.

Idan wanda ake tuhuma ya ƙi amsa laifi, alhali alƙalai suna ganin akwai shaida, ana iya yi masa azaba. Hanyoyi uku aka fi sani. Akwai ɗaure hannuwa ta baya a rataye mutum da igiya. Akwai kwantar da shi a kan katako ana ƙara matse igiyoyi a gaɓoɓinsa. Akwai kuma cusa ƙyalle a baki ana ɗura ruwa. Magatakarda yana zaune yana rubuta kome, har da kukan. Bayan kwana ɗaya sai a sake kawo mutumin ya tabbatar da abin da ya faɗa, wai don a ce da yardar ransa ya faɗa. A nan sai mu yi hattara da abu ɗaya. Gidajen tarihi irin wannan sukan nuna kayan azaba masu ban tsoro da aka ƙera daga baya domin 'yan kallo, masana tarihi kuwa sun nuna da yawa daga cikinsu wannan kotu ba ta taɓa amfani da su ba. Bai kamata mai bi ya ƙara wa labari gishiri ba, ko da a kan wanda ya yi mugunta ne. Igiya da ruwa da duhun kurkuku sun isa.

Haka ma batun yawan waɗanda aka kashe. Cikin shekara wajen ɗari biyu, kotun Kartahena ta yi shari'ar mutum kimanin 800, biyar daga cikinsu aka ƙone da wuta. Da yawa daga cikin sauran an yi musu bulala, ko an kore su daga gari, ko an tura su tuƙin jiragen ruwa na sarki, ko an ƙwace dukiyarsu. Ana sa wa mai laifi wata riga ta kunya mai gicciye a karkace, a fito da shi dandali a gaban dukan gari a karanta hukuncinsa. An yi irin wannan taro na fari a Kartahena a 1614. Wanda za a kashe, alƙalan ba sa kashe shi da hannunsu, sai su miƙa shi ga hukumar sarki, domin a ce ikkilisiya ba ta zub da jini. Wannan ya tuna mini da waɗanda suka kai Yesu wurin Bilatus amma suka ƙi shiga fada don kada su ƙazantu.

Na farkon da aka ƙone a Kartahena wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Adam Edon, ɗan Furotesta. An nemi ya janye bangaskiyarsa, ya ƙi, aka ƙone shi a 1622. A 1636 kuma aka kama waɗansu 'yan kasuwa mutanen Fotugal masu asalin Yahudawa, aka azabtar da su, aka kwashe dukiyarsu.

Akwai wani sashe na labarin da ya shafe mu mu 'yan Afirka. A wancan zamani Kartahena tana cikin manyan tashoshin da ake sauke bayi daga Afirka ta Yamma da Angola. Sau da yawa kafin a loda su a jirgi, sai a jera su a bakin teku a yayyafa musu ruwa a ce an yi musu baftisma, ba wanda ya koya musu ko kalma ɗaya ta bishara da harshensu. Wani limamin Katolika na birnin mai suna Alonso de Sandobal ya yi kuka da wannan a rubuce tun a 1627. To, ga inda zaluncin ya ninku. Kotun tana da iko a kan duk wanda aka yi wa baftisma. An keɓe 'yan asalin ƙasar, watau Indiyawan Amurka, daga ikonta, amma ba a keɓe baƙar fata ba. Saboda haka bawan da ba a koya masa kome ba ana iya gurfanar da shi don ya karkace daga bangaskiyar da bai taɓa ji ba. Wata mace mai suna Faula de Egilus, baiwa 'yar asalin Afirka da aka kawo daga Kuba, mai ba da magani, sau uku tana tsayawa gaban wannan kotu a kan zargin maita, na farko a 1624. An yi mata bulala, an sa ta aiki a asibiti. Da aka sake kama ta, ta ambaci sunayen waɗansu mata, su ma aka kamo su.

Yanzu mai sauraro zai tambaya, yaya mutanen da ke karanta bishara suka kai ga wannan? Ba mahaukata ba ne, da yawansu masu ilimin shari'a ne, sun kuma gaskata aikin Allah suke yi. Hujjarsu ita ce, in mai kashe jiki ya cancanci hukunci, mai ɓad da rai da koyarwar ƙarya ya fi cancanta. Sun kuma jingina da Luka 14:23, inda maigida ya aiki bawansa ya matsa wa mutane su shigo biki. Tun wajen shekara ta 408, Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya yi amfani da wannan aya don goyon bayan hukuma ta tilasta wa 'yan ɗarikar Donatus komowa ikkilisiya, ko da yake shi bai yarda a kashe su ba. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗauki tilastawar suka bar iyakar da ya sa. Amma misalin na gayyatar biki ne, na nacin mai gayya ga matalauta da guragu waɗanda ba su ga sun isa shiga ba. Babu bulala a cikinsa. Misalin da ya yi magana kai tsaye a kan wannan batu yana cikin Matiyu sura 13, inda barori suka so su tuge ciyawa daga cikin alkama, mai gona ya hana su don kada su tuge da alkamar, ya ce a jira ranar girbi. A Yahaya 16:2 kuma Ubangiji ya riga ya faɗa cewa lokaci na zuwa da mai kashe almajiransa zai zaci ibada yake yi wa Allah.

Kada wani ɗan Furotesta ya ji wannan ya ce ai laifin 'yan Katolika ne kaɗai. A Zurik, a 1527, hukumar birnin da ta karɓi gyaran ikkilisiya ta nutsar da Filiks Manz a kogi saboda koyarwarsa a kan baftismar manya. A Janiba, a 1553, aka ƙone Mika'ilu Sabetus, Yahaya Kalbin kuwa yana cikin waɗanda suka tsaya a kan a hukunta shi. Ciwon ɗaya ne duk inda ikkilisiya ta ari takobin sarki. Mu da muka san zafin ƙona majami'u da korar masu bi daga gidajensu, sai mu tambayi kanmu yadda muke yi a majalisar dattawa sa'ad da aka kawo ƙarar ɗan'uwa. Ana gaya masa wanda ya kawo ƙarar? Ana jin ta bakinsa kafin a sa shi a bencin baya? Matiyu 18 ya ce a fara zuwa wurinsa a keɓe.

Tafiyar 'yan mintoci daga fadar akwai majami'ar da ke ɗauke da ƙasusuwan Bitrus Kilaba. Shi ma ɗan Sifaniya ne, ɗan Katolika, ya kuma iso Kartahena a 1610, shekarar da aka kafa kotun. Wajen shekara 40 ya yi yana shiga cikin jiragen bayi da ruwa da 'ya'yan itace da magani, tare da tafintoci 'yan Afirka, yana wanke miyakun marasa lafiya yana koya musu da harsunansu. Bai rushe cinikin bayi ba, tafintocinsa ma bayi ne. Amma a birni ɗaya, cikin ikkilisiya ɗaya, a shekaru ɗaya, ga masu igiya ga mai tulun ruwa. Ya rasu a 1654.

Ranar 11 ga Nuwamba 1811 Kartahena ta yi shelar 'yancin kai daga Sifaniya, aka kori alƙalan kotun. Sun komo bayan sojojin sarki sun sake cin birnin a 1815, amma a 1821 aka rufe kotun ɗungum. A Sifaniya kanta sai 1834. Yawancin abin da aka sani game da shari'o'in Kartahena ya fito ne daga rahotannin da alƙalan suka riƙa aikawa gida, waɗanda ke ajiye a Madrid har yau. Ranar 12 ga Maris 2000, a Roma, Fafaroma Yahaya Bulus na biyu ya jagoranci addu'ar neman gafarar Allah saboda zunuban 'ya'yan ikkilisiya, har da amfani da ƙarfi da sunan kāre gaskiya.

Cikin littattafan da kotun ta haramta har da Littafi Mai Tsarki da harshen talakawa. Wani mai suna Kasiyodoro de Reina ya gudu daga birnin Sebil a 1557, aka ƙone mutum-mutuminsa a 1562 tun da ba a same shi ba. Yana gudun hijira ya fassara dukan Littafi Mai Tsarki zuwa Sifaniyanci, aka buga shi a Basel a 1569, Sifiriyano de Balera kuma ya gyara shi a 1602. Kolombiya ta rubuta 'yancin addini cikin tsarin mulkinta na 1991, fassarar nan ta Reina da Balera kuwa ita ce yawancin ikkilisiyoyin bishara na Kartahena suke karantawa kowace Lahadi.