Danshin Ɗaki da Funfuna a Lokacin Damina

Kowa ya san warin da ɗakin ƙasa yake yi a watan Agusta. Mutum ya buɗe akwati ya tarar tufafi sun yi ɗigo-ɗigo baƙi. Ya ɗaga tabarma ya ga ƙarƙashinta ya yi fari kamar an barbaɗa gari. Wannan ita ce funfuna, wadda wasunmu ke kira hunhuna.

A ƙasashen Agye da Gazawa da Gidan Runji, yawancin ruwan shekara yana sauka ne daga Yuli zuwa Satumba. Wanda ke zaune kusa da fadama ya fi jin abin. Mutanen Tibiri da sauran garuruwan bakin Gulbin Maraɗi sun san haka tun da daɗewa. Ai ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi birnin Maraɗi daga kwari aka mai da shi kan tudu. A daminar 2024 ma jiharmu tana cikin waɗanda ruwa ya fi yi wa ɓarna.

Funfuna abu ne mai rai. Ƙwayoyinta suna yawo cikin iska, ido ba ya ganinsu. Inda suka sami danshi da duhu da rashin iska, nan suke tsira. Mai kwana cikin irin wannan ɗaki yana shaƙar su dare duka. Sai mura da tari da ƙaiƙayin ido su ƙi ƙarewa. Yara ƙanana da tsofaffi da masu ciwon fuka su suka fi wahala. Idan numfashin yaro yana fita da ƙara, a kai shi gidan likita, kada a jira.

Goge bango kaɗai ba ya maganinta. Muddin ruwa yana shiga, za ta dawo. Saboda haka mu fara neman hanyar ruwan. Mu hau soro mu toshe tsaguwa. Mu duba indararo, ya zama yana jefa ruwa nesa da bango. Mu tara ƙasa a gindin gini ta gangara waje, don bangon ƙasa yana tsotsar ruwa daga gindi kamar yadda lagwani ke tsotsar mai. Kakanninmu suna yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Ba don ado kawai suke yi ba, tana rage shigar ruwa.

Da rana ta fito, a buɗe ƙofa da taga. A fitar da tabarma da katifa da bargo a shanya. A janye gado da akwati daga jikin bango, a ɗora su kan bulo ko itace. Bangon siminti ana wanke shi da ruwan jabel: awo 1 na jabel, awo 10 na ruwa, ba a haɗa shi da wani magani. Na ƙasa kuwa, a yayyafa ruwa kaɗan, a kankare wurin, a bari ya bushe, sannan a sake yaɓe. Mai aikin ya rufe hanci da baki, yara su fita. Kada a kunna gawayi a rufe ɗaki wai don ya bushe. Iskarsa tana kashe mutum cikin barci.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu sake dubawa. Don tsoron ɓarayi, da yawa daga cikinmu muna ajiye buhunan gujiya da masara a ɗakin kwana, a kan ƙasa. Ba mu ga laifin mai tsaron guminsa ba. Amma funfunar da ke kama gujiya da masara tana fitar da wani dafi mai suna aflatoksin. Yana lalata hanta, yana iya hana yaro girma. Suya da dahuwa ba su kashe shi, ko an yi ƙuli-ƙuli yana nan.

To, idan dole ne buhu ya kwana tare da mu, a tabbata amfanin ya bushe ƙayau kafin a ɗure shi. A jera itace a ɗora buhun a kai, a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kowane mako a buɗe a duba. Ƙwayar da ta yi kore ko baƙi, ko ta yi ɗaci, a tsince ta a binne. Kada a ba akuya ko saniyar tatsa, domin dafin yana fitowa cikin nono.