ƘWARƘWATA A KAN YARA: A KIYAYI PIYA-PIYA DA KANANZIR

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa magidanta da iyayen gida, yau maganarmu a kan ƙwarƙwata ce, wadda wasu tsofaffinmu ke ce ma ƙeya. Na san wani zai ce, haba Malam, duk cututtukan da ke damun jama'a sai ƙwarƙwata ka gani? To a yi mini haƙuri a karanta har ƙarshe, akwai dalili.

Kwanan baya wata dattijuwa daga wani ƙauye ta wajen Kajiji ta yi mini sallama a nan Bodinga da sassafe, goye da jikanyarta, yarinyar ba ta fi shekara bakwai ba. Tana amai, miyau na dalala, gumi ya jiƙa mata riga. Tsohuwar ta ce iska ce ta taɓa ta, a taimaka da tofi. Da na matsa kusa sai wari ya buge ni. Na ce, Inna, me aka sa mata a kai? Ta yi shiru, can ta ce ƙwarƙwata ce ta dame ta, uwar ta zuba ɗan piya-piya cikin kananzir ta shafa mata, ta ɗaure da ɗankwali. Wallahi ko ganye ɗaya ban ba su ba. Na sa aka cire ɗankwalin da rigar, aka wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, aka ɗora su a mota sai asibiti. Allah cikin ikonsa yarinyar ta tashi. Amma na kwana ina tunanin gidaje nawa ne daga Sifawa zuwa Dandin Mahe ake yin wanga abu ba mu ji ba.

Ba a ƙauye kaɗai ake yi ba. A shekarar 2019 jaridu sun kawo labarin wata budurwa mai yi wa ƙasa hidima a jihar Osun, mai ilimin jami'a, da ta shafa Sniper a gashinta don ta kashe ƙwarƙwata, ta rasu. A wannan shekarar ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna. Duk da haka piya-piya na nan cikin 'yan kwalabe, ana saye don sauro da kuɗin cizo, wasu ma har a buhun wake suke zubawa, Allah ya shirye mu. Gubar da ke cikinsa ba sai an sha ba, ta fata ma tana shiga jini, balle fatar kan yaro da susa ta riga ta kwaile. Ɗaure kan da leda ko ɗankwali kuwa ƙara mata hanya ne. Kananzir da fetur suna ƙona fata, sannan yarinya ta matsa kusa da murhu ko fitila, sai dai Innalillahi. Haka maganin feshin gona, da maganin kaskar dabbobi, da ruwan taba. Babu ɗaya a cikinsu da ya halatta a sa a kan ɗan Adam.

Idan an riga an yi kuskuren, ga alamun da za a lura da su: dalalar miyau, gumi, hawaye, amai ko zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, naman jiki na rawa, numfashi na sarƙewa. A tuɓe kayan, a wanke da sabulu, mai wankewa ya sa leda a hannunsa. Kar a tsaya ba da manja ko madara, kar a sa yatsa a maƙogwaro. A ɗauki kwalbar a tafi da ita babban asibiti mafi kusa, in abin ya yi tsanani a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Akwai allurar da ke karya wannan guba, kuma likita ne kaɗai ke yin ta. Addu'a a yi ta a cikin mota.

Me ke kai uwa ga haka? Kunya. Tana tsoron kishiya ta gani, ko mai kitso ta kai labari gidan biki, a ce 'yarta ƙazama ce. Sai ta nemi abin da zai share komai dare ɗaya ba wanda ya sani. To ku saurara. A shekara ta 6 bayan Hijira, a Hudaibiyya, Manzon Allah (SAW) ya iske sahabinsa Ka'abu ɗan Ujrata (RA) yana hura wuta ƙarƙashin tukunya, ƙwarƙwata na zubo masa a fuska, alhali yana cikin harami. Bai kyare shi ba, bai ce masa ƙazami ba. Ya tambaye shi ko tana cutar da shi, sannan ya umurce shi ya yi aski ya ba da fansa: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya. A kan lamarinsa ne hukuncin fansa da ke aya ta 196 ta Suratul Baƙara ya sauka. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Haka kuma an yi wa Abdurrahman ɗan Aufu da Zubairu ɗan Awwam (RA) rangwamen sa rigar alharini a wata tafiyar yaƙi saboda sun koka da ƙwarƙwata, su biyun kuwa suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Abin da ya sami waɗannan bayin Allah, ke wace ce da za ki ɓoye shi har ki kai ga guba?

Ibnul Ƙayyim ya yi babi a kan wannan a cikin Zadul Ma'ad, inda ya kawo ra'ayin likitocin zamaninsa cewa dauɗa da ɓacin ruwan jiki ne ke haifar da ita. Allah ya jiƙan malam, a nan ya faɗi ilimin lokacinsa ne, ba wahayi ba. Yau an sa ta a madubin likita an gani: ƙwarƙwata daga ƙwarƙwata take fitowa. Kan da ake wankewa kullum ma tana zama a ciki, jini take nema, ba dauɗa ba. Faɗin haka ba raina magabata ba ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a nan Bodinga lokacin da Shehu ke Sifawa, ya rubuta Masalihul Insan a kan gyaran addini da na jiki tare, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi littattafai a kan magani. Neman sanin yadda cuta take gadonmu ne.

Ga yadda take. Babbarta kamar ƙwayar riɗi, ƙafa 6, ba ta da fiffike, ba ta tsalle, rarrafe kawai. Daga kai zuwa kai take bi, lokacin da yara suka haɗa kai wurin wasa, ko barci a tabarma ɗaya, ko sun duƙufa kan waya ɗaya suna kallo. Ba a ɗaukarta daga akuya ko kaza ko kyanwa. Tana yin kamar kwana 30 a kai, macen na zuba ƙwai kullum, tana liƙe shi a gindin gashi, musamman bayan kunne da ƙeya. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, 'ya'yan kuma su girma su fara nasu ƙwan bayan kamar wasu kwana 10. In ta faɗo daga kai ba ta wuce kwana 1 ko 2 sai ta mutu, don ba ta jure rashin jini.

A nan sirrin yake, ku riƙe shi da kyau. Yawancin abin da ke kashe uwar ba ya gamawa da ƙwan. Shi ya sa za ki yi magani yau, bayan mako ki ga ta dawo, ki ce maganin ba shi da ƙarfi, ki nemi wanda ya fi zafi. Ba dawowa ta yi ba, ƙwan da aka bari ne ya fashe. Aikin na mako biyu ne, ba na dare ɗaya ba.

Kafin komai a tabbatar ita ce. Amosani in aka kaɗe shi zubewa yake, ƙwan ƙwarƙwata kuwa sai an ja shi da farce. In kuma gashi ne ke cinyewa wuri-wuri da farin ɓawo, wannan makero ne, maganinsa na sha ne daga asibiti, shafe-shafe ba ya isa.

Yaro namiji lamarinsa da sauƙi: aski, yadda aka yi wa Ka'abu. A aske duka, kar a bar tukku ko zanko, don an hana aske wani sashe a bar wani, kuma abin da aka bari nan za ta taru. A ce wa wanzami ko mai aski ya sa sabuwar reza ga kowane yaro. Kar garin gudun ƙwarƙwata a ɗauko ciwon hanta.

'Ya mace kuwa ban cika son a aske ta ba sai in kan ya yi gyambo, don tsokanar 'yan uwanta a Islamiyya ta fi ƙaiƙayin ciwo a wurinta. A yi tsifa, a wanke da sabulu, in akwai garin ganyen magarya a haɗa, yana wanke kai da kyau. Sai a shafe gashin da mai sosai tun daga gindi: man zaitun, man kwakwa, ko man kaɗe da aka narkar. Wanda ke da man darbejiya ya ɗiga kaɗan a ciki, a kiyaye ido da baki, kuma kar a sa wa jariri. Zan gaya muku gaskiya ko da yake ni mai sayar da mai ne: man ba shi ne maganin ba. Aikinsa ya daskarar da ita ta kasa gudu, ya kuma sa mataji ya wuce ba zafi. Matajin ne maganin. A fara da mai manyan haƙora a warware gashin, sannan a ɗauko mai ƙananan haƙora matsattsu. A zauna a fili da rana, a shimfiɗa farin ƙyalle a kafaɗar yarinyar, a raba gashin kashi-kashi kamar za a yi kitso, a ja tun daga fatar kai har ƙarshe, kowane ja a goge matajin a duba. Ƙwan da ya ƙi fita a zare shi da farce. Gashinmu mai cika ne, zai ci lokaci, sai an yi haƙuri da ɗan lallashi. A yi haka rana ta 1, ta 5, ta 9, da ta 13. In an fara ran Asabar, sai Laraba, sai Lahadi, sai Alhamis. A tsakani a yi kalaba manya masu sauƙin tsefewa, ƙananan kitso ya jira. In rana ta 17 aka taje ba a ga mai rai ba, an gama, Alhamdu lillahi.

Abin da aka tajo a zuba shi cikin ruwan sabulu a zubar nesa, ko a murtsuke. Na ga mata na jefa ta cikin garwashi don su ji ƙarar fashewarta. Duk wanda ya karanta Risala ya san Ibnu Abi Zaidin ya ce makaruhi ne kashe ƙwarƙwata da wuta. Kuma kar a yi wannan aikin a kan dardumar salla, don a Muhtasar an lissafa mushenta cikin najasa, ko da yake malamai sun yi rangwame a kan 'yar kaɗan.

Wanda ya fi son maganin kemis, akwai wanda aka yi don kan mutum, za a ga an rubuta Permethrin 1% a jikinsa. Ana shafa shi a kan da aka wanke ba mai, ya yi minti 10, a ɗauraye, sannan a maimaita bayan kwana 9 saboda ƙwan nan da muka faɗa. A wasu wurare ƙwarƙwata ta fara jure masa, don haka ko da shi kar a ajiye mataji. Yaron da bai kai shekara 2 ba, da mai ciki, da mai shayarwa, a tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Haka in kan ya yi ƙuraje masu ruwa, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko zazzaɓi ya shigo, susa ce ta buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa, a je asibiti.

Sai batun gida. A duba kan kowa rana ɗaya, har uwar da kakar da ke kwana da yaran, duk wanda aka samu a fara masa tare da sauran. In ba haka ba, wannan ta warke waccan ta mayar mata. Hijabi, ɗankwali, hula da rigar filo da aka yi amfani da su kwana biyun da suka wuce, a jiƙa su a ruwan zafi a shanya a rana. Mataji da kibiyar kitso su yi minti 10 a ruwan zafi. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako 2. Iyakarsa ke nan. Ba a buƙatar feshin ɗaki, ba a buƙatar ƙona katifa.

Malaman Islamiyya da na allo, ku ma da naku. Hijaban ɗalibai launinsu ɗaya, ana tashi a yi musaya ba a sani ba, a sa kowace ta ɗinka alama a nata. Almajirai a yi musu aski lokaci ɗaya, a shanya shimfiɗarsu. Kar a kira sunan yarinya a gaban aji, kar a kore ta gida, a aika wa uwarta a asirce. Yaran makarantar kwana kuma, ranar da suka dawo hutu a duba kansu, a sake dubawa kafin su koma. Ke kuma uwa, in kin gani a kan 'yarki, ki faɗa wa maƙwabciyar da 'ya'yanku ke wasa tare, ki tafi wurin mai kitso da matajinki da kibiyarki.

Maigida, kwalbar piya-piyan nan da ke ƙarƙashin gado ko kan taga, yau ka ɗauke ta daga ɗakin iyali. Ka sayo mataji mai ƙananan haƙora ka kai musu.

A tura wa iyaye mata da malaman makarantu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi magana a kan makero. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a. Wassalamu alaikum.